Kunnen Doki da Surukina

Wuya muka sha a waccan daminar, ba wani abu ba. Duk wanda ya ce maka da can an fi jin daɗi, ka tambaye shi ko ya taɓa ɗaga garma da cikin da babu komai sai ruwan rama.

Abin da ya tono mini ita, ruwan bana ne. Ya sauka da wuri, kowa ya zuba iri, sai ya ɗauke ƙafa. Masarar da maƙwabcina ya shuka a kangon bayan gidanmu nan Tudun Wada duk ta naɗe ganye. Ina kishingiɗe a tsakar gida bayan la'asar, bayana na ciwo kamar kullum, sai ga babbar 'yata ta zo gaishe mu. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta. Malama nake ce mata, don Turanci take koyarwa a wata makaranta a Hanwa. Ta zauna kusa da uwarta Indo, ta fito da littafi tana shirin darasin gobe.

Ta ce, "Baba, in an yi gasa aka tashi babu wanda ya ci wani, me kuke cewa?"

Na ce, "Kunnen doki. Ko canjaras."

"Shi ke nan?"

"Guda nawa kike so?"

Ta yi dariya, ta ce su Turawa kowane da sunansa. In ƙwallo ce, duro. Wannan na sani, kullum samarin unguwa na ihunsa in sun taso daga gidan kallo. In maki ne ya zo daidai, tayi. In dawakai biyu suka iso layi tare, wai ded hit. In kuma suna cikin gudun ne kafaɗa da kafaɗa ba su iso ba tukuna, nek an nek, wato wuya da wuya. Ta ce har kyamara suke kafawa a bakin layi, in ido ya kasa rabawa hoto ya nuna hancin wa ya riga shiga.

Na ce, "To in an yi duron, me ake ba su?"

"A ƙwallo kowa maki ɗaya. A tseren doki a raba kyautar biyu."

Na ce, "Sun ji daɗi."

Indo na tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ga rariyarta. Ta san inda na dosa.

Shekarar da nake magana, aurenmu bai cika shekara ba. Ɗaki ɗaya muke ciki a gidan kawuna. Gonar da nake nomawa ta aro ce, can bayan Hanwa, lokacin wurin gonaki ne da itatuwan ɗorawa, ba a san za a yi gidajen ma'aikata ba. Ruwa ya yi mana irin na bana. Mun yi shuka, mun yi noman fari, masara ta kai gwiwa, sai sama ta rufe bakinta. Zafin fari a tsakiyar damina ba irin na bazara ba ne. Na bazara ka san da zuwansa. Wannan kuwa kana kallon hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska ta taso da ƙamshin ruwa, mata su fito da bokitai, sai ya watse kamar an kore shi. Washegari rana ta fito tun da safe da fushinta. An fita roƙon ruwa, an koma an sake fita. Taki kuwa sai dai ka ji labarinsa a rediyo.

Abinci ya dinga ja da baya a hankali. Da fari tuwo sau biyu. Sai ya koma sau ɗaya, da safe kunu. Sai tuwon ya koma fate, faten ma rama ta fi tsakin yawa, kana tsoma ludayi kana farautar hatsi. Daga baya Indo ta fara tankaɗe dusar da ake ajiye wa akuya. Da hantsi ta fita bayan gida ta tsinko tafasa, ta dafa, ta matse, ta barbaɗa gishiri, in an samu ƙuli sai a ce yau sallah. Ga ta da ciki, ya fito sosai. Ƙafafunta suka kumbura, wuyanta ya zama kamar sillen kara. In na ce ta ƙara daga kwanona sai ta ce ta ƙoshi, ni kuma in ce na ci a gona. Kowa ya san ƙarya ɗan'uwansa ke yi, aka bar ta a haka.

Da ruwan ya tashi dawowa sai ya dawo kamar da gayya. Masara ta riga ta tafi. Dawa ce ta farfaɗo, ita da ma ba ta da saurin fushi. Ciyawa ta taso ko'ina, kowa na neman hannun huɗa a lokaci guda.

A nan ne wani Alhaji mai manyan gonakin dawa ya kira gayya. Gayya ba sabon abu ba ce, a taru a yi wa mutum aiki ya ciyar da jama'a. Amma shi sai ya sa kyauta. Yana da wata 'yar fadama a bakin rafin Kubanni, da rijiyarta da jigonta. Ya ce duk wanda ya zo na ɗaya a tseren huɗa, ya ba shi aronta na rani guda. Tumatir, albasa, alayyafo, ka ɗauka ka kai unguwar Kongo ma'aikata su saye tun kafin rana ta yi. Wanda ya samu wannan ya tsallake shekara. Na kwana ina ganin Indo da jariri da tuwo mai miya.

Ranar na wasa garmata na tafi. Jama'a ta taru, Tanko mai ganga ya ɗaure gangarsa, Sarkin Noma na raba wa kowa kuyyarsa da sanda. Ina cikin cire riga sai na hango shi a ƙarshen layi yana tofa yawu a tafin hannu. Surukina. Uban Indo.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko yanzu da yake ƙasa. Mutane Barde suke ce masa, don tun ina yaro babu wanda ya taɓa ganin bayan wani a gabansa in ana huɗa. Na ɗauka ya bar shiga tsere. Ashe yunwar da ta shiga ɗakina ta riga ta kwana a gidansa, shi da ke da baki fiye da goma. Kuma sunan nan na Barde shi ne abincinsa, don duk mai neman 'yan ƙwadago shi yake nema ya haɗo masa.

Yaran yanzu suna shan shayi da surukansu a faranti ɗaya, har a yi musun ƙwallo. Ban ce laifi ba ne. Mu dai a lokacinmu in na hango shi a hanya, takalmi nake cirewa in durƙusa tun daga nesa, in da lungu in shige. Ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai ta bakin wani.

Na so in mayar da rigata. Sai Tanko ya buga ganga.

Yadda ake yi, a jeru, kowa da kuyyarsa, a kai ƙarshen gona a juyo. Waɗanda suka zo baya a cire su su koma aikin gama-gari, na gaba su sake. Ni dai kaina na ƙasa, ina sara ina kifewa, ban kalli kowa ba. Aka yi ta zubar da mutane. Kafin azahar na ɗaga kai, sai na ga saura mu biyu, kuma Sarkin Noma ya ba mu kuyya gefe da gefe.

Tanko ya ce, "Yau ake yin ta! Mai 'ya da mai riƙon 'ya!"

Aka kwashe da dariya.

Muka fara. Ban daɗe ba na gane ina da sauran ƙarfin da ya fi nasa. Ba gwaninta ba, shekaru ne kawai. In na saki hannu zan wuce. To in wuce in ba shi baya? A gaban jama'a, ga ganga? Sai na dinga auna sarana da nasa. Ya sara in sara. Ya kife in kife. Wanda bai taɓa yi ba ba zai sani ba, amma riƙe hannu ya fi sakinsa gajiyarwa. Muka iso bakin gona garma biyu suka faɗi kamar ɗaya. Jama'a suka ɗau ihu.

"Kunnen doki!"

Mu ba mu da kyamara. Sarkin Noma ne ya bi kuyyoyin da sandarsa yana tsokana, ko wani ya rufe ciyawa bai sare ta ba, ko ya bar dawa ba a tallafe ba. Ya je ya dawo. Ya ce wa Alhaji bai ga abin rabawa ba.

Alhaji na zaune a inuwar ɗorawa a kan kujera. Ya yi murmushi ya ce, "Kunnen doki ba ya cin kyauta. Akwai ɗaya gonar ta ƙetare, ranar Asabar a dawo a sake."

Aka kawo tuwo da fura. Rabin abin da ya kawo ni ke nan. Ƙamshin miyar kuka da man shanu har cikin ƙwaƙwalwata. Amma ga surukina zaune, ina zan buɗe baki? Na zaga bayan wata bishiya na tsaya kamar mai fitsari. Da aka watse wata tsohuwa cikin masu rabo ta miƙo mini dunƙulen fura biyu, ta ce, "Ungo, mai kunya." Na sa a hula na kai wa Indo.

Tana damawa ta ce, "Wa ya ci?"

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

Na gaya mata. Ta daɗe tana juya ludayi. Sannan ta ce, "Ubana ne, na sani. Amma cikin nan naka ne."

Na ce, "To in kunyata shi?"

"Ni na ce ka kunyata shi? Cewa na yi cikin nan naka ne."

Za ka ce ai da sauƙi, duk wanda ya ci a raba. Fadamar ba ta kai ta gida biyu ba. Ko ta kai, wa zai buɗe baki ya faɗa wa wa? Na yanke ba zan koma ba, ya ci shi kaɗai. Indo ta je gida ta faɗa wa innarta. Ta dawo da saƙo: babanta ya ce in ban zo ranar Asabar ba, kada in ƙara taka ƙofar gidansa, shi ba a yi masa sadaka da nasara.

Ranar Juma'a da dare aka kwana ana ruwa. Gonar ƙetare laka ce, ta jiƙe ta yi nauyi, kowane sara sai ka ɗago da rabin gonar manne a garma. Da hantsi rana ta buɗe, tururi ya dinga tashi daga ƙasa, ganyen dawa na yankar damtse, gumi na shiga yankan. Jama'ar ta fi ta farko, don labari ya zaga Tudun Wada. Wasu ba aiki ya kawo su ba, amma tunda sun zo aka ba su kuyya. Alhaji ya sa aka bar namu tseren sai ƙarshe, bayan mun yi aikin gama-gari tare da kowa.

Tun a saran farko na ji numfashinsa ya canza. Kamar zugazugin maƙera. Haƙarƙarinsa duk a waje, ana iya ƙirgawa. Ya rage sauri, na rage. Ya ƙara ragewa, na ƙara. Har Tanko ya sassauta kiɗan, ya koma irin na rakiyar amarya.

Wani ya ce, "Kai, ku kawo musu tabarma!"

Wani ya ce, "Barde, ko a ɗauko maka sanda?"

Wannan ta soke shi, na gani a wuyansa. Muna tsakiyar gona, inda babu mai jin mu, sai ya yi magana. Bai juyo ba. Da garmarsa yake yi.

Ya ce, "Garma, ki gaya wa na kusa da ni, mai ciki ba ta cin ladabi."

Na ci gaba da auna sarana da nasa.

Ya ce, "Ki gaya masa ni ba zan tsaya ba, ban iya ba. In shi namiji ne ya wuce."

Wallahi na saki hannu. Na ce bismillah na sara, na sake sarawa, na ga kafaɗarsa ta koma bayana. Ganga ta tashi. Sai ƙasar da na ɗago ta zame daga garma ta zube a kan ƙafarsa, jagab, har ƙauri. Wata mata daga bakin gona ta rafka salati, ta ce, "Yaro ya binne ƙafar surukinsa!"

Ba zan ce na yi tunani ba. Hannuwan ne suka mutu. Na duƙa ina kankare laka daga garma da ɗan yatsa, lakar da ba ta hana ni komai ba, har sai da na ji numfashinsa ya dawo daidai kunnena. Ya ja tsaki. Tsakin nan har yau ina jin sa. Muka ƙarasa tare.

Wannan karon ba a yi ihu ba. Sarkin Noma ya bi kuyyoyin don cika al'ada, ya dawo ya tsaya kai a sunkuye. Alhaji ya miƙe, ya dubi gonarsa daga wannan gefe zuwa wancan. An huɗe ta tas, ita da ta farko, ko kuyya ɗaya ba ta rage ba.

Ya ce, "To, jama'a, kun gani. Abin da Allah bai raba ba, ni wane ne in raba? Allah ya yi albarka."

Ya shiga mota. Da rani ya zo, ɗan ƙanwarsa ne ya noma fadamar.

Na dawo gida ban tsaya cin tuwon ba. Ban gama wanke ƙafa ba, kafin magariba, sai ga goggon Indo ta yi sallama. Ta ce an zo tafiya da ita goyon ciki. Al'ada ce, mai cikin fari a gidansu take haihuwa, amma lokacin bai yi ba, da saura. Na leƙa zaure. Surukina na tsaye a waje, ya ba ƙofar baya, lakar gona ba ta ma bushe a ƙafarsa ba.

Ya ce wa goggon, "Ki gaya masa na ga ladabi. Ya ishe ni haka. 'Yata za ta zo ta ci abin da muke ci."

Indo ta ɗaure 'yan kayanta a zane. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Akwai sauran tsaki a ƙwarya, na rufe da faifai. Kada ka bar wa ɓera."

A gidan surukina aka haifi Malama. Daga baya Indo ta ji daga bakin innarta, ashe rabonsa na fate yake turo mata, ya ce ya ci a waje. Ƙaryar tamu ce dai, ashe gado ce. Bai ƙara shiga tsere ba, masu neman 'yan ƙwadago kuma suka koma wa wani Barden.

Da na kai nan Malama ta riga ta rufe littafinta. Ta ce, "To Baba, a ƙarshe wa ya ci?"

Na ce, "Alhaji."

"Da yanzu ne za ka wuce shi?"

Indo ta kaɗe rariya ta ce, "Ina fa. Shi da kakanki kansu ɗaya, kamar dutsen niƙa. Da na biye musu da ke ba ki zo duniya ba."

Malama ta ce, "Bayan an tafi da Inna fa, sai ka yi yaya?"

Me zan yi? Washegari bayan asuba na wanke garmata, na kai ta zauren surukina na jingine kusa da tasa, na bar masa ita, ban yi sallama ba. Na bi titi a ƙasa har Kwangila, inda manyan motoci ke sauke kaya. Na cire riga na naɗe ta gammo, na shiga layin 'yan dako. Buhun farko da aka ɗora mini a ka, masara ce.